Butar da Baba Nicholas Ya Bari a Gindin Mangwaro

Kafin rana ta leƙo kan Kogin Kaduna, Baba Nicholas ya riga ya taso daga unguwar Television, ya jingine kekensa, ya buɗe ƙofar ɗan lambun shaƙatawar nan na bakin ruwa. Shara ce farko. Sai ya goge bencina, ya ɗiga wa lilon yara mai, ko da yake yaran sun yi ƙaranci. Aikin ƙarshe kuwa ba wanda ya sa shi: ya wanke wata buta, ya cika ta da ruwan famfo, ya ajiye a gindin mangwaro kusa da naɗaɗɗiyar tabarma. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haka.

Dattijon coci ne fa, me ya haɗa shi da buta? Da can, ran Lahadi da yamma, mutanen Tudun Wada kan ƙetaro gada da iyalansu, a baje abinci a ciyawa tare da mutanen Kakuri, har ba ka gane ɗan wa ke cin shinkafar wa. La'asar na yi sai a shiga neman ruwan alwala, shi ne ya sayo buta. Ranar farko ma ya shimfiɗa tabarmar tana kallon kogi, wai don masu salla su sha iska. Wani malami ya yi dariya har da riƙe ciki, ya juya ta gabas. Baba ya jera duwatsu a wurin, ya shafa musu farin fenti don kada ya sake kuskure.

Sai gari ya rikice da faɗan addini, kowa ya koma gefen kogin da zai iya barci. Masu ƙetaro gada suka yi ta raguwa har aka daina ganinsu. Baba bai daina cika buta ba.

Adaora, mai soya doya a bakin ƙofa, ta taɓa tambayarsa: "Baba, wa kake cika wa ruwan nan? Ni dai ban ga kowa ba."

Ya ce, "'Yata, ranar da suka zo, ba na so su tarar an manta da su."

Ita ce ta ba ni labarin shekarar da kogi ya yi ambaliya. Da ruwa ya janye, ta ga tsohon nan durƙushe cikin laka, yana tono duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ranar kasa sayar da doya ta yi, don tausayi.

Baba Nicholas, kai ne mai gadin da bai taɓa rufe wa baƙo ƙofa ba. Kai ne ka yi ta zubar da ruwan jiya a gindin fure kana sake na yau, kai kaɗai, ba mai ce maka sannu. Na san kaɗaicin ya ci ka, ko da ba ka faɗa ba.

Watan jiya gwiwa ta ƙi, ya yi ritaya ya koma gonarsa a Kakau. Da yake miƙa wa Judith, wadda ta gaje shi, makullai, abu ɗaya ya roƙa: "Don Allah kada ki bar butar nan ta bushe." Ya waiwayi gada sau ɗaya, ya tura kekensa. Har ya tafi, ba wanda ya zo.

Mun gode, Baba. Ku kuma da ke karanta wannan, ko ta wane gefen kogi kuke kwana, ku ɗauki yaranku wata Lahadin ku je. Lilon yana nan, ba ya ƙara.

Saura saƙo ɗaya gare ka, Baba, don na ji ba ka da waya a gona. Lahadin da ta wuce Judith ta je ɗauke buta da yamma, ta tarar saura rabi. Ƙasa a jiƙe take kusa da duwatsunka, tabarma kuma an naɗe ta ba yadda ta bar ta ba.

Baba Nicholas, an zo.