Sa Hannu Mai Wutsiya

Shekarar da jikata ta cika sha bakwai, ta dawo gida wata rana da azahar tana kiran kakarta tun daga bakin ƙofa. An ɗauke ta a wani atilye da ke hanyar Saga, inda ake koya wa matasa haɗa farantan sola da gyaransu. Ubanta, ɗana na fari, direban babbar mota ne, yau yana Agadas gobe yana Kwatano, shi ya sa tun tana ƙarama take hannunmu a unguwar Boukoki, ni da matata. A duk takardun lakol, wato makaranta, ni ne waliyyinta.

Masu atilyen sun ce akwai ɗan abin sabulu da za a riƙa ba ɗalibai kowane wata, amma ba a hannu ba, sai ta banki. Wanda bai kawo katin ɗan ƙasa da lambar asusunsa ba kafin ƙarshen wata, za a ba wani gurbinsa. Kuma tun da ba ta kai sha takwas ba, dole waliyyi ya raka ta banki ya sa hannu.

Da na ji maganar sa hannu, abincin da ke gabana ya fita raina. Na gyara zama na ɗauko wa'azin da duk ƴaƴana suka haddace tun suna yara: banki gidan ɓarayi ne masu sa kwat, ka kai musu kuɗinka da ƙafarka, ka dawo kana roƙonsu kamar bashi kake nema.

Ta ce, "Tsoho, ai ba ajiya zan kai musu ba. Ni za a zuba wa."

Na ce ko ma mene ne, ƙafata ba ta taka banki. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba, ta dai tattara takardarta ta shiga ɗaki. Yarinyar da ba ta barin kunnena ya huta, har la'asar ban ji muryarta ba.

Matata tana tsinke zogale a tsakar gida. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, har jikoki ma za su gaji tsoron nan naka? Ni fa ban manta ranar da ka dawo rigarka sharkaf da gumi ba."

Gaskiyarta. Ga yadda abin ya faru.

Na zo Yamai daga ƙasar Maradi ina saurayi, da karatun firamare da ban ƙarasa ba. Wani ɗan garinmu ya sama mini aikin planto a wani biro, wato ofis, ina kai takardu daga wannan ɗaki zuwa wancan. Abin da ya fi burge ni a duniya lokacin shi ne sa hannun direktanmu. Zai ɗaga alƙalami sama, ya yi masa ƴar rawa a iska, sannan ya sauke shi ya zana wani abu mai lanƙwasa da zagaye, ya ƙare da ja ɗaya mai tsawo. Na ɗauka a raina girman mutum a sa hannunsa yake.

Ranar da na je komisariya, ofishin ƴan sanda, yin katina na farko, aka miƙo mini alƙalamin bik in sa hannu. Na ɗaga shi sama, na yi masa rawar direkta, na saki hannuna ya yi abin da ya ga dama. Abin da ya fito ya cika gurbin har ya hau kan hotona. Ɗan sandan ya kalle shi ya ce lalle wannan yaro zai yi nisa. Na fito ina tafiya kamar ni na gina komisariyar.

Ba a daɗe da aurena ba aka ce albashi ya koma banki. A ƙarshen wata na sa rigar sallata na bi layi. Mai gishe, ma'aikacin da ke biyan kuɗi ta taga, ya ce in sa hannu, na sa. Ya dubi takarda, ya dubi kati, ya ce wannan ba wannan ba ne. Na sake, ya fito wani abu dabam. Na sake kuma, ya fi na baya muni. Mutanen da ke bayana suka fara leƙe, wani Bazabarme mai kirki yana ta ce mini "kala suuru", wato sai haƙuri, wasu kuwa suna dariya a fili. Daga ƙarshe mai gishen ya tambaye ni a ina na tsinci katin mutane. Na fito ban waiwaya ba. Direkta ne ya sa baki aka ci gaba da biyana a hannu, bayan ƴan shekaru kuma na bar aikin na koma sayar da ƙusa da fenti a kasuwa, inda ba mai tambayarka sa hannu.

Da abin ya tsaya kaina da sauƙi. Amma na mai da kunyata doka a gidana. Na hana ƴaƴana kusantar banki. Takardunsu duka na kulle a akwatina, duk wata hidimar biro ni nake zuwa in yi musu, wai don kada a wulaƙanta su. Babban ɗana ya yi gemu bai san ƙofar da ake shiga meri, ofishin magajin gari, ba, har wani aiki mai kyau ya wuce shi saboda ina ƙauye da mabuɗin akwati a aljihuna. Lokacin na ce rabonsa ne bai zo ba. Ni kuwa duk sanda katina ya mutu na je sabuntawa, sai girman kai ya motsa, in sake sakin hannu ya haifi wata sabuwar halitta da ba zan iya maimaitawa ba.

Washegari da hantsi na kira jikata gindin itacen bedin da ke tsakar gida. Na ba ta labarin nan duka, ban rage komai ba, sannan na miƙa mata katina. Ta daɗe tana kallonsa, tana juya shi sama da ƙasa. Na ga leɓenta na rawa. Ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya sani, amma dariyar ta fi ƙarfinta, har ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "Kaka, wannan sa hannu ne ko hatsarin mota?"

Matata ma ta taya ta daga madafa. Na bar su suka gama, don ni ma abin ya fara ba ni dariya, karo na farko a rayuwata.

Muka yi yarjejeniya. Ita za ta koya mini sa hannuna. Ni kuma zan raka ta duk inda za a nemi takarda, amma ba zan buɗe baki ba, ita za ta yi magana da kanta. Sharaɗin na biyu ni na kawo shi, kuma shi ya fi ba ni wuya.

Na buɗe akwati na fito da takardar haihuwarta na sa mata a hannu. Muka je meri ta yi kwafi aka buga mata hatimi. Muka je wajen mai hoto, ta sa ya sake ɗauka don ta ce na farko ya sa ta kama da ni. Muka nemi takardar zama ɗan ƙasa, wadda ta sa muka yi sawu fiye da ɗaya. Ko'ina ni benci nake samu in zauna, carbi a hannu, harshena yana ƙaiƙayi. A wani wuri ta bi layin da ba nata ba har ta kusa kai gaba, ina gani na yi shiru. Da aka mai da ita baya ta harare ni, na nuna mata bakina na girgiza kai. Daga ranar, ko'ina ta shiga sai ta fara gaida mai gadi ta tambaye shi layin da ya dace.

Da yamma kuma makaranta ta koma kaina. Ta share ƙasa a gindin bedi, ta ba ni tsinke, ta jingina katina a jikin buta. Dabararta ita ce ta rarraba abin gunduwa-gunduwa, ta sa wa kowane suna. Farkon ta ce ƙugiyar masunta ce. Zagayen tsakiya ƙwan zabo ne guda biyu, ɗaya ya fashe. Sai tsani, sai dogon jan ƙarshe, wutsiyar ɓera. In na yi kuskure ta goge da tafin ƙafa ta ce, "Sake, ɗalibi. Ƙwanka ya yi girma, na jimina ne." Yaran maƙwabta suka riƙa taruwa a kan katanga suna rera mini, ƙugiya, ƙwai, tsani, wutsiya. Daga ƙasa muka koma bayan tsohuwar kalanda da bik.

Ana gobe za ta je komisariya, na leƙa na ga tana gwada nata sa hannun. Ta yi wani abu mai tauraro a sama da fure a ƙasa, irin na ƙawayenta. Sai na ga kaina da rigar salla a layin banki. A nan kam na karya alkawarin shiru.

Na ce, "Ƴar nan, yi wanda za ki iya yi kina tsaye, kina jin yunwa, da bik ɗin da aka ɗaure da zare, mutane na tura ki ta baya. Ado ki bar shi a lalle."

Ta ɓata rai ta ce zai yi kama da na ƴan aji ɗaya. Na ɗaga mata katina kawai. Ta dube shi, ta goge tauraron, ta goge furen. Abin da ya rage sunanta ne a taƙaice da ɗan layi a ƙasa, kuma shi ta sa a katinta.

Katin ya fito wata ya kusa ƙarewa. Muka hau faba-faba zuwa banki da safe. Sanyin ciki ya buge ni, amma gumi nake. Wata matashiya ce a teburin buɗe asusu, ba ta wuce sa'ar autata ba. Jikata ta gaishe ta, ta faɗi abin da ya kawo ta, ta jera takardunta ɗaya bayan ɗaya ba tare da an tambaya ba. Har ta tambayi ko ana cire wani abu kowane wata, da abin da za ta yi in katin cirar kuɗi ya ɓace, tambayoyin da ni ban taɓa sanin ana yi ba. Aka ce ta sa hannu a wurare dabam-dabam, duka suka fito kamar tagwaye.

Sai matar ta juyo da takardar wajena ta ce, "Baba, nan ne naka."

Na yi bismilla. Bakina na motsi. Ƙugiya ta fito. Ƙwai suka fito, har da fasasshen. Na hau tsani lafiya, sai na ajiye bik ina sauke numfashi. Jikata ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur ta ce a hankali, "Wutsiya." Na ɗauka na ja wutsiya.

Matar ta ɗan kalli katina, ta kalli takardar, kallon da bai kai ƙiftawar ido ba, ta buga hatimi ta ce an gama. Wallahi sai na ji haushi. Na ce, "Madam, ki duba da kyau mana. Ki ga ƙwan nan."

Ta duba don ta faranta mini, ta ce ya yi daidai, kuma ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta tambaye ni ko ni ma zan buɗe nawa asusun. Kafin in amsa jikata ta ce a bar shi sai baɗi, in ta cika sha takwas za ta zo ta tsaya mini waliyyi.

Daga nan ba mu koma gida ba, muka wuce Saga kai tsaye. Na tsaya a waje ina kallon shinkafa kore shar har bakin kogi, ita ta shiga ta miƙa lambar asusunta. Ta fito da rigar aiki mai ruwan bula a hannu, ta yi mata yawa.

Da yamma na kira ubanta a waya, ya tsaya da mota a wani gari. Na ba shi labari, na kuma roƙe shi gafarar aikin nan da ya wuce shi saboda mabuɗina. Ya ce ba komai Baba, ya wuce. Sannan ya yi dariya ya ce tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, shi ya daɗe da buɗe asusu, ƙannensa ma haka, kuma uwarsu ce ta raka su. Na juya na kalli matata. Ta ce tukunyarta na ƙonewa, ta tashi.

Bayan sallar magariba na ɗauko mabuɗi na buɗe akwati, na ce wa jikata ta kawo katin da sauran takardun in adana mata, kada su ɓace. Hannuna ne ya saba, ban ma yi tunani ba. Ta rungume jakarta ta ce, "In sun ɓace, na san ƙofar da zan bi, tsoho."

Na tsaya da akwati a buɗe. Sai na kwaso sauran takardun da ke ciki, na ubanta da na ƙannensa, na ware wa kowa nasa a kan tabarma, na ce gobe in ta taso daga atilye ta taya ni aika wa masu su.