Gidan da Bai Rasa Kowa Ba

A ƙauyen Aldersby, idan aka ce Garbutt, bokiti ake nufi. Norman Garbutt haka ya taso ya tarar, kuma bai taɓa jin wanda ya ce akwai gyara a ciki ba.

Maganar ta samo asali tun Yaƙin Duniya na Farko. Ƙauyen ya tura samarinsa Faransa, kusan kowane gida ya rasa ɗa, wani gidan ma biyu. Gidan Garbutt ya tura uku, ukun kuwa suka dawo da ƙafafunsu, ɗaya har ya yi ƙiba. Ba wanda ya ce musu uffan, mutanen Aldersby ba su da irin wannan rashin kunyar. Sai dai da aka yi karo-karo aka kafa gicciyen dutse a maƙabartar coci, aka sassaƙa sunayen waɗanda ba su dawo ba, sai ya zamana kowa a gari yana da abin nunawa a jikin dutsen ban da su. Kakan Norman, wato mai ƙibar, ya daure shekara guda yana wucewa ta wurin kansa a sunkuye. A ta biyu, da taron tunawa da mamatan yaƙi na watan Nuwamba ya ƙarato, ya fito da bokiti da burushin ƙarfe ya wanke dutsen tas. Aka gode masa. Da shekara ta zagayo ya sake wankewa, aka sake gode masa. A Aldersby kuwa, abin da aka gode maka a kansa sau biyu ya zama naka da na jikokinka.

Da yaƙi na biyu ya zo, uban Norman ya tafi. Aka ƙara sunaye a gindin gicciyen, shi kuwa ya dawo ko ƙwarzane babu. Daga nan aka fara zuba soda a ruwan wankin.

Norman ya karɓi burushi yana saurayi, ya riƙe shi duk tsawon shekarun da ya yi yana tuƙa motar madara. Mutum ne da ba ya ha'inci a aiki, dutsen yankin kuma taushi gare shi. Kafin ya yi ritaya, babu gicciyen da ya kai nasu haske a duk faɗin gundumar, kuma babu suna ɗaya da ke karantuwa a jikinsa. Kowa ya san dalili. Amma idan an tsaya a gabansa sai a kaɗa kai a ce, "Kai, ruwan saman nan dai." Norman ma yakan kaɗa kai tare da su.

Wata shekara Rabaran yana karanto sunayen daga jikin dutse, jama'a sun yi tsit da jan furen takarda a ƙirji, sai ya tsaya cak a na huɗu, ya kusa manna hanci. Norman, wanda hannunsa ya bi layukan nan har ya haddace, ya raɗa masa daga baya. Da shekara ta zagayo aka ce ya faɗi sunayen da kansa. Ya tsaya, ya ɗora yatsa a kan dutse sumul, yana gangarowa layi-layi yana kiran matattu, har mata suka yi kuka. Aka gode masa.

Bayan rasuwar matarsa, gwiwoyinsa suka fara yajin aiki, bene ya zama masa tsauni. 'Yarsa Lorraine, da ke aure a Filey can bakin teku, ta gyara ɗakin ƙasa, ta sa labule da gado mai tsayi.

Ta ce masa a waya, "Baba, kada ka ce ban faɗa maka ba. Ɗaki ɗaya ne, tsofaffi biyu. Surukata ta riga ta zo ta auna taga, wai za ta sayi nata labulen."

"Ki bar ni in gaya wa kwamiti."

"Bara ma haka ka ce. Kafin Kirsimeti nake son amsa, in ba haka ba maigidan zai kawo uwarsa, ni kuwa ba ni da bakin magana."

Norman yana son ɗakin nan. Ya taɓa kwana a cikinsa, ya farka ya ji teku, ya fita yawo bai gamu da mutum ɗaya da ya san kakansa ba. Bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Ya kai maganar mashaya, wurin Stan Metcalfe, abokinsa tun suna aji ɗaya. Stan yana da Metcalfe biyu a jikin dutsen, saboda haka a gari ba a katse masa magana.

Stan ya ce, "Filey? Me za ka wanke a can, teku?"

"Hutawa zan yi."

"Kai tsoho, ku Garbutt ai kun iya tafiya, matsalarku dawowa. Wata uku na ba ka."

"Allah ya shirye ka, Stan. To, kai ka karɓi bokitin mana."

"Ni? Mu mun biya namu tun ba a haife ka ba. Ƙaro mana giya."

Sau uku Norman yana shiga taron kwamitin coci da jawabin ajiye aiki a bakinsa. Shugabar kwamitin, Misis Thackray, mace ce da ke jin ƙamshin murabus tun daga ƙofa. Da ya ce, "Ina dai so in ce, shekaru sun ja," sai ta tafa hannu ta ce, "Sun ja kuwa, Mista Garbutt, kuma ba ka taɓa fashi ba. Jama'a, a tafa masa. Ga shayi, ɗauki biskit." Mutumin da ake tafa wa, bakinsa cike da biskit, ba ya yin murabus.

A cikin bazara sai ga wata mata daga hukumar kula da kayan tarihi, da kyamara da takalmin roba. Ta zagaya gicciyen, ta shafa, ta ja da baya ta tsura masa ido. Ta ce ta jima ba ta ga dutsen da zamani ya lashe da kyau haka ba, shuɗewar sunayen nan ita kanta tarihi ce. 'Yan kwamiti duk suka dubi sama, inda ruwan yake fitowa. Bayan 'yan watanni labari ya iso cewa an saka gicciyen cikin kayan gadon ƙasa. Daga yau ba a sake sassaƙa shi, ba a kankare shi, ko sabulu kada ya taɓa shi sai da izini.

Ranar Norman ya koma gida kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. Hukuma da kanta ta ƙwace masa burushi. Ya buga wa Lorraine waya ya ce ta hana tsohuwar nan sayen labule, da an gama taron Nuwamba yana hanya.

Aka yi taron, ya kira sunayen, aka busa ƙaho, aka yi shirun girmama matattu. Da aka koma zauren coci shan shayi, ya miƙe tun kafin a zuba masa, don ya koyi darasi.

"Misis Thackray, tunda an hana wanki, ni aikina ya ƙare. Sunayen kuma zan faɗa a rubuta, kowa ya karanta."

Ta ce, "Haba, Mista Garbutt, sunaye ai muna da su. Takarda ko yaro ya karanta. Yatsan nan naka ake zuwa gani, bana har daga wasu garuruwan aka zo. Zauna tukuna, Rabaran yana da albishir."

Rabaran ya gyara murya. Ya tuna wa jama'a cewa maƙabartar ta cika tuntuni, yanzu duk wanda ya mutu sai a kai shi bayan gari, kusa da babban titi. Amma akwai ɗan fili guda da ya rage, dab da gindin gicciyen, manyan gari da yawa sun nema an hana su. Kwamiti ya zauna, ya sha wahalar neman izini, an kuma samu. An keɓe wa Norman Garbutt wurin, kyauta. Sharaɗin ɗaya ne, shi ma ba nasu ba ne, tsohuwar ƙa'idar cocin ce: sai wanda ya cika yana mazaunin ƙauyen.

"Ka ga ke nan," in ji Misis Thackray tana share ido, "a ƙarshe dai za a sami Garbutt a wurin."

Zauren ya ɗauki tafi. Stan Metcalfe ya taso da sandarsa, ya kama hannun Norman ya girgiza, ba tare da tsokana ko ɗaya ba, abin da bai taɓa yi ba tun suna aji ɗaya. Norman ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, ya nemi yadda ake mayar da kyautar kabari ga masu ita, ya ga ba a taɓa koya masa ba. Ya ce ya gode ƙwarai.

Ya buga wa Lorraine waya ya gaya mata.

"Wato Baba, ni na ba ka ɗaki mai taga, su sun ba ka rami, ka zaɓi nasu."

"Ba zaɓa na yi ba, 'yar nan. Ba ki ga yadda suka tafa ba."

"To, in ce wa surukata me?"

"Ki ce ta sayi labulen."

Tsohuwar ta tare kafin Kirsimeti, an ce iskar teku ta karɓe ta. Norman ya sa aka sauko masa da gadonsa falo, tunda bene ya gagara. Ran Lahadi idan an tashi daga coci, mutane sukan ja shi su nuna masa filin, su ce ya duba yadda rana take faɗawa a wurin da hantsi, ya yi dace. Yakan duba, ya ce lallai wuri ne mai kyau. Stan ya ce kada ya damu da ciyawar, shi zai riƙa yanke masa kafin lokacin.