Wata Huɗun da Abba Ya Yi Shiru a Bakin Fili

Shuu, tsit. Shuu, tsit. Abin da na ji ke nan a waya ranar da Abba ya rasu, yau shekara biyar cif. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kara masa wayar a kunne, don ba a barin kowa ya shiga ɗakin masu korona. Na yi ta magana, na'urar numfashi tana ba ni amsa. Mutumin da in ya kira ni daga ƙasan benenmu a unguwar Ain Khaled sai maƙwabta sun leƙo ta taga, ya tafi ban ji ko tarinsa ba.

Ba korona nake jin haushi ba. Ajali ne, na karɓa. Haushina yana kan waɗanda suka riga ta rufe masa baki.

Abba mataimakin koci ne na 'yan ƙwallon wata kwaleji a nan Doha. A Gusau ya tashi, bayan gidan dambe, kuma a can ya koyi cewa ba a tura mutum fili sai an kira sunansa da ƙarfi. Saboda haka kowane ɗan wasansa yana da kirari. "Dogo na Hartum, iska ma bayanka take bi!" "Gajere ɗan Masar, ƙofa ta rufu!" Da Hausa yake yi, su kuwa ko sannu ba su sani ba, amma na sha gani da idona yadda wanda ya gaji yake ɗaga kai ya ƙara gudu. Yana tsalle, yana tafi, yana kama kai idan an ɓarar. Zagi dai ban taɓa ji a bakinsa ba, ko ga alƙalin wasa.

Akwai wani ɗalibi, Usman, wanda ya shekara yana jinyar gwiwa. Ranar da ya dawo ya ci ƙwallo, Abba ya ruga a guje a kan layi, hularsa ta faɗi, ya durƙusa yana kuka. Wani ya ɗauka a waya. Washegari shugaban sashen wasanni ya kira shi ofis, ya ce kwaleji wurin tarbiyya ce, koci kuma abin koyi ne, ya kamata a ga nutsuwa a fuskarsa. Iyakar abin da Abba ya gaya mana a gida ke nan. Ya ce nasiha aka yi masa.

Daga ranar ya canza. Yakan tsaya da hannu a baya, ya sa asuwaki a baki ya cije. Ina zaune a cikin 'yan kallo ina ganin jijiyar wuyansa tana tashi. 'Yan wasan sukan juyo su dube shi, su ga dutse. A mota, muna komawa gida, na kasa haƙuri.

"Abba, tsoronsu kake ji?"

"Mamana, ke dai yi karatunki."

"Wallahi ban san ka da haka ba."

Sai ya ƙara muryar rediyo. Ni da nake ganin na karanta littattafai, na san darajar mutum, na raina shi a zuciyata. Wata huɗu ya yi a haka, sannan annoba ta zo aka rufe filaye. Bai sake tsayawa a bakin layi ba, ni kuma ban nemi gafarar maganar nan ba.

Sai ga gasar cin kofin duniya ta shigo garin. Lokacin na sami aiki, na ci gaba da zama. Na kalli wasanni da dama a babban allon da aka kafa wa ma'aikata a wajen Sanaiya, unguwar masana'antu, tsakanin direbobi da masu gadi 'yan ƙasarmu. Me na gani? Manyan masu horarwa cikin kwat masu tsada suna shurin gorar ruwa, suna birgima a ciyawa, suna rusa kuka a kafaɗar 'yan wasansu. Masu sharhi suka kira shi kishi. Aka yi ta maimaita hoton a hankali don kowa ya ƙoshi. Shi kansa shugaban sashen nan na gan shi a wani bidiyo, fuska duk fenti, yana ihu har muryarsa ta dishe. A filayen kuma 'yan uwanmu masu gadi suna tsaye sun ba wasan baya, ba su da izinin ko waiwaye.

A nan na gane ba hawayen ne laifi ba. Wanda ya zubar da su ake dubawa. A idon wani sunansu kishi, a idon baƙin mutum daga Zamfara sunansu rashin kamun kai.

Ban ce kowane ihu daidai ne ba. Kocin da ke muzanta ɗalibi a gaban jama'a, ko ya taso wa alƙali kamar zai dake shi, a dakatar da shi, zan sa hannu. Amma saurayin da ya baro uwarsa a wata ƙasa, yana gudu a zafin da ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, yana buƙatar ya waiwaya ya ga fuskar da ta damu da shi. Wace tarbiyya ce a koya wa matasa cewa babban mutum shi ne wanda ba a gane farin cikinsa?

Nakan tambayi kaina me Abba zai ce da ya ga gasar. Ina jin ba zai yi fushi irin nawa ba. Dariya zai yi, ya ce yalla, mu je, ya tashi ya yi wa wani ɗan Afirka kirari a gaban allo. Ni ce na gaji muryar ban gaji haƙurin ba. Abin da ya bari shi ne sunayen nan: har yau tsofaffin ɗalibansa in sun turo mana gaisuwa, Usman ba ya rubuta Usman, Dogo na Hartum yake sa wa.

Bara ne Alhaji Isaka, direban motar 'yan wasan, zai koma Kumasi gaba ɗaya. Ya kira ni shan shayi a wani shago a unguwar Al Asmakh. Yana juya kofi ya soma magana.

"Ɗiyata, Abbanki ya ce kar in faɗa miki. Amma ni zan tafi, khalas, shi ke nan."

Ba nasiha aka yi wa Abba a ofishin nan ba. Takarda aka ba shi ya sa hannu: in ya sake ihu ko kuka a fili ko sau ɗaya, an soke kwantiraginsa, ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar. Alhaji Isaka ya ce masa su kai ƙara. Abba ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, "Bari Mamana ta gama tukuna."

A lokacin izinin zamana a ƙasar a kan nasa yake rataye, kuma zango ɗaya ya rage mini in zana jarrabawar ƙarshe.