Inna Sa'a, Wadda Ta Maida Anza Ruwa

Tana sallame sallar asuba, Inna Sa'a ta kama hanyar tudun Badaguishiri, kwando a ka, sanda a hannu, ko koko ba ta tsayawa sha. Shekara talatin da ƴan kai ke nan. Magarya, kurna, aduwa, duk tana tsintowa, amma anza ce sana'arta: ƴaƴan dajin nan masu ɗacin tsiya, waɗanda sai an ɓare su, an jiƙa kwana bakwai ana sauya ruwa kafin su ciwu.

A da, a ɓoye ake saye. Abincin shekarar yunwa ne, wanda aka gani da shi an san rumbunsa ya ƙare.

Sai Bushira, ɗiyar ƙanenta mai karatu a Yamai, ta tafi da ƙullin ƴaƴan itatuwan zuwa ɗakin bincike. Ta dawo tana cewa akwai abin da ke kare jiki a cikinsu, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa.

"Sai da kunka kai Yamai kunka sani?" in ji Sa'a.

Magana ta bazu. Mato, ɗan kasuwar Konni, ya ce buhu ashirin na anza yake so kafin Laraba. Matan unguwa suka bazama daji, suka jiƙa, suka tsame a kwana huɗu. Mota ta iso, an fara ɗurawa, Sa'a ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, ta tofar.

"A maida ruwa."

"Inna, mota na jira," in ji Mato.

"Ta jira, ɗana. Ba ita ka ci ba."

Ta zauna a kan buhu. Mato ya ja motarsa ya sayi ta wani gari. Kwana goma matan ba su amsa mata sallama ba, don a ganinsu ta kori mai saye guda da suka taɓa samu. Ita kuma ba ta fasa zagaya robobinsu tana sauya ruwa ba.

Ran na sha ɗaya sai ga Mato da ƙafarsa, hula a hannu. Waccan anzar, duk an maido masa saboda ɗaci.

Ke ce, Inna, kika fitar da abincin kunya zuwa tsakiyar kasuwa. Ke ce kika zaɓi fushin maƙwabta a kan sunan garinku ya yi ɗaci a bakin baƙi.

Bana gwiwa ta hana ta hawan tudu, amma zama ya gagara. Tana ƙofar gida tana leƙen hanya, kuma ba buhun da ke barin unguwar sai ta tauna.

Mun gode, Inna Sa'a, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu ƙafa, kwandonta na nan rataye a zaure. Wadda ta ɗauka, ta ɗauka har da kwana bakwai ɗin.