Ranar da Malam Ya Faɗi Abin da ke Rumbunsa

Wa za ni ɗora wa laifi, yarinyar da ta koya wa maigidana magana a waya, ko 'yan'uwan da yunwa ta koro ƙofarmu? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban sami amsa ba. Ni Hajo ban yi karatu ba. Faɗa nake ana rubutawa, domin ku matan da kuka shigo aikin iri bayana ku ji.

Ni da maigidana, Malam, sana'armu iri ce a Unguwar Lalle. Yana da wani gero mai saurin nuna da ya daɗe yana zaɓe, kai bayan kai, tun daga wanda ya samo a Burkusuma. Ko ruwa ya ɗauke da wuri, shi ya riga ya yi ido. Aikina shi ne sussuka, sheƙa, fid da tsakuwa da ƙwayar da ƙwaro ya huda, sannan in ɗura a ƙananan buhuna. A shekarun farin nan, da gonakin mutane suka ƙone tun gero bai fid da kai ba, namu ya tsira. Muka rufe shi a rumbu muka yi shiru. A wurinmu ba a faɗin abin da ke rumbu, balle a shekarar yunwa. Mu kanmu garin rogo muke jiƙawa, ba mu taɓa iri ba.

Isuhu malamin gona ne ya kawo labarin wata gasa ta masu ƙananan sana'o'i. Ana yin ta a waya, fuska da fuska. Da farko a haɗa ka da mai koyarwa ta gyara maka zance, sannan ka bayyana sana'arka gaban alƙalai, daga baya su nemi ganin kayan a bidiyo. Wanda ya ci, za a ba shi injin sussuka da buhunan da ƙwaro ba ya shiga. Malam ya dubi hannayena da taɓarya ta cinye, ya ce a sa sunansa.

Mai koyarwarsa wata Malama Zainab ce, tana can birni. Yarinya ce mai fara'a, tana kiransa Baba. In ta tambaye shi yawan irinsa, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, akwai ɗan abin da Allah ya ba mu."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, waɗannan mutanen ba sa jin kunya irin taku. In ka ce ɗan abu, ɗan abu za su rubuta. Ka faɗi gaskiyar yawansa."

Ya ce, "Ɗiyata, ba a yin haka nan."

Ta ce, "A can ana yi."

Ban taɓa mantawa da ranar da ya fuskanci alƙalan ba. Cikin bazara ne, kuma ranar ta faɗo ranar kasuwa. Isuhu ya roƙi a ɗaga, aka ce lokacin kowa a tsare yake. A garinmu waya ba ta kama hoto sai a kan tudun da ke bakin kasuwa, nan muka hau. Ina riƙe da ƙwaryar irin da za a nuna. Mutane suka kewaye mu suna kallon dattijo yana gaida waya. Magana tana yankewa, wani alƙali ya ce, "Baba, ba ma jin ka, ɗaga murya." Ya ɗaga. Aka tambaye shi yawan kaya. Ya dube ni, ya dubi jama'a, sannan ya faɗi abin da aka koya masa da ƙarfi: rumbu biyu, cike.

Alƙalai suka yaba, ya haye mataki na gaba. Muna saukowa wani mahauci ya ce, "Malam, ashe da mai rumbu biyu muka gaisawa kullum, ba mu sani ba!" Aka yi dariya. Malam bai yi ba.

Kafin kasuwa ta sake zagayowa ƙanwarsa ta iso daga Turba da 'ya'yanta, ƙafafunsu kamar kara. Bayanta sai maƙwabta, sai surukai, sai waɗanda ko sunansu ban sani ba. Babu wanda ya roƙa da baki. Su yi sallama su zauna a zaure, su yi ta gaisuwa, ido na kan rumbu. Na ja shi gefe na ce, "Malam, iri na hwa! Mi za mu nuna ma mutanen can?"

Ya ce, "Hajo, da ba su ji ba, da na iya kwana. Yanzu sun ji da bakina."

Ni na auna musu. Irin da na tsince ƙwaya ƙwaya, da hannuna na zuba shi a ƙoren mutane, ina jin ana daka shi a gidajen unguwa.

Da lokacin duba kaya ya yi, Isuhu ya ɗauki bidiyon rumbunan. Babu komai sai ƙaiƙayi da ɗan abin da na ɓoye a tulu. Amsa ta zo gajeriya: abin da aka faɗa bai yi daidai da abin da aka gani ba, an cire Malam daga gasar. Malama Zainab ta aiko da saƙon murya, ta ce, "Baba, na tsaya maka a gabansu, ka ba ni kunya." Malam ya sa aka maimaita masa saƙon. Ya ɗauki nasa bayanin aka aika, ba a buɗe ba. Isuhu ya ce shirin ya ƙare, lambar ta ofis ce, an rufe ta. Har yau ba mu same ta ba.

Abin da na koya ke nan, 'ya'yana. Masu wayar nan suna koya maka yadda za ka yi magana da su, amma ba su san su wa ke tsaye bayanka suna saurare ba. Su kashe wayarsu su tashi, kai ka sauko tudu ka shiga cikin mutanenka.

Damina ta zo, ciwo ya kwantar da Malam, ni na shuka ɗan na tulun. Bai ga nunarsa ba. Ranar da zai cika, da hantsi, ina ba shi kunu ya kau da kai, ya riƙe min hannu. Na zaci wasiyyar gona zai yi. Sai ya ce, "Hajo, in kin samu yarinyar nan ta waya, ki gaya mata ban yi mata ƙarya ba."