Bangon Rijiya ta Uku

Shekara talatin da ɗaya Aniello Scognamiglio ya yi yana kwashe ɓaraguzai daga ramukan ƙarƙashin birnin Napoli, bokiti bayan bokiti, tun kafin a fara kawo baƙi kallo. Da ya tsufa sai aka bar masa riƙon makulli. Masu zagayawa da baƙi na yanzu sun fi shi baki, ga fitilu masu kashe ido. Shi kuwa ba ya magana sai da dalili, kuma aljihunsa ba ya rabo da guntun kyandir.

Wata Talata da hantsi sai ga Donna Rafilina, mai suyar kifi a unguwar Sanità, tana dogara sanda. A cikin ramin aka haife ta lokacin yaƙi, sa'ad da mutane ke ɓuya wa bama-bamai. Uwarta ta sha faɗa mata cewa ta karce sunan 'yar tata a bango da ƙusa, daidai kafaɗa, kusa da rijiya ta uku. Sau uku tana sauka ba ta gani ba. Mako mai zuwa za a yi mata aikin gwiwa, kuma likita ya ce ita da matakala ɗari da talatin na sauka ramin har abada.

"Anie', kai ma ƙaryata uwata za ka yi?" in ji ta.

"Ni? Matar da ta taɓa jifana da tukunyar taliya? Ko tana kabari ba na ja da ita. Riƙe hannuna, Donna Rafili'."

"Riƙe nawa dai, tsohon ɓera. Kai ne ke rawa."

Suka sauka a hankali, yana tsayawa duk taki goma kamar shi ne ya gaji. Da suka isa rijiyar ta ɗaga tocila daidai kafaɗarta. Ya ce ta kashe.

"Nan masu zagayawa suka duba miki?"

"Inda ta ce mana!"

"Kafaɗar wancan zamani ke nan. Bayan yaƙi, duk wanda gidansa ya rushe, cikin rijiya ya juye tarkacensa daga can sama, ya zubo nan ƙasa. Har kakanki, da amalanke. Mun kwashe abin da za mu iya, saura muka daɓe. Ƙasar da kike takawa ta ɗara ta uwarki tudu da kamu biyu."

Ya durƙusa, ya kunna kyandir, ya manna shi jikin bango ta gefe. Hasken da ya daki bango gaba da gaba shafe karce yake yi. Na gefe ne ke cika kowane layi da inuwa. Ya ja jiki a kan gwiwoyinsa, ya wuce zanen jirgin sama, ya wuce na fuskar wata mace. Can ya tsaya.

"Raffaela," ya karanta. "Huɗu ga Agusta."

Sunanta na yanka ke nan da ranar haihuwarta, suna ƙasa da gwiwarta. Ta jingine sanda.

"In kika durƙusa, wa zai ɗaga ki?" ya ce.

"Kai mana. Na fi bokiti nauyi ne?"

Ta sauka ƙasa da nishi, ta bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Dubi rubutu kamar tonon kaza," ta ce. "Allah sarki, Mamma."

Kyandir ya narke har kakin na zuba a yatsun Aniello. Bai motsa hannun ba sai da ta ce ta gama.