Waƙar da Aka Cire Sunana

Saura sati uku bikinmu muka je wurin wani mawaƙi a Rano ya yi mana waƙar aure. Ni na tsara masa abin da zai sa: wushiryata, da keken ɗinkin da nake rufa wa kaina asiri da shi, da yadda muka haɗu a motar Kibiya ranar kasuwa. Angon direba ne, motarsa na hau ranar. Waƙa ta yi daɗi, ba ƙarya. Rawar kai ta sa na kai wa mai tura waƙoƙi a tasha, na ce duk wanda ya kawo caji ya tura masa.

Sai aka fasa. Kawunsa ya zo ya zauna gaban Baba yana sunkuyar da kai, wai a yi haƙuri, yaro ya canza ra'ayi. Aka mayar musu da lefensu. To waƙa fa, wa zai mayar da ita? Na ji ta a wayar ɗan acaɓa, na ji ta a teburin mai shayi. Har Durba na kai ɗinki, na tarar da 'yan mata suna wanke-wanke suna rera sunana da nasa. Daga ranar na daina fita. Wata biyu ban taka keke ba, masu kawo ɗinki suka koma wani wuri.

Ƙawata ta cika min waya da waƙoƙin nan na wadda aka yaudara ta share hawaye ta ce ta fi ƙarfin kuka. Ina ji ina tsaki. Su ai ba sunansu ake yawo da shi a tasha ba.

Bayan girbi ya yi aure a Fammar. Wata maƙwabciyarmu, uwar kai rahoto, ta kawo min bidiyon bikin har ɗaki. Waƙata ce. Sunana kawai aka cire aka liƙa na amarya. Wushirya tana nan, keke yana nan. Amarya kuwa haƙoranta a haɗe, an ce ko zare ba ta iya sa wa allura. Raina ya ɓaci, amma ban yi kuka ba. Duk abin da ake yabo a ciki nawa ne, bai tafi da ko ɗaya ba.

Washegari na goge keke na zuba masa mai. Ina cikin ɗinki na ji bakina yana rera ta. Da na zo kan sunansa na yi shiru, ƙarar keke ta cike wurin. Shekara huɗu ke nan haka nake yi, kuma har yau in na zo wurin sai numfashina ya tsaya.